Ɗanyen Itacen Don Nibaldo

Akwai mutumin da ya gwammace gidansa ya cutu da a ce masa ya yi kuskure. Irin wannan ba ya musu a gaban jama'a. Sai ya ce to, ya gyaɗa kai, da an juya baya ya koma wa abin da ya saba, ya kuma ɓoye. Laifin Don Nibaldo Cárcamo ke nan, na layin gangare a garin Coyhaique, inda ake kiran dattijo Don, dattijuwa Doña, kuma babu wanda ya san yadda abin ya faro kamar matarsa Orfelina.

Shekara arba'in da ɗaya suna tare, a gidan katako ɗaya, da murhun ƙarfe ɗaya a kicin. A kansa ake girki, a jikinsa ake shanya, a gefensa aka reni 'ya'ya huɗu. Nibaldo ya yi ƙuruciyarsa yana askin tumaki a manyan gonakin kan iyaka, a can kuma ya koyo abin da yake kira kwantar da wuta. Idan garwashi ya yi ja, sai ya ɗauko gungumen ɗanyen itacen lenga, mai nauyi, wanda ruwa bai fita daga jikinsa ba, ya ɗora, ya rufe 'yar ƙofar iskar murhun ruf. Wutar ba za ta mutu ba, ba kuma za ta tashi ba. Haka za ta yi ta lasar gungumen wuni guda, kicin da ɗumi, bututu yana fitar da hayaƙi mai kauri kamar kunu. Yana alfahari da wannan fiye da yadda wani ke alfahari da takardar makaranta.

Ba shi kaɗai ba ne. Rabin tsofaffin garin haka suke yi, shi ya sa daga Mayu zuwa Agusta, watannin sanyi a ƙasar, idan iska ta tsaya, hayaƙi kan kwanta a kan gidaje har a daina ganin dutse, asibiti ya cika da masu tari.

A ƙarshen Afirilu autarsu Yasna ta zo da jaririyarta. Amparo sunanta, bakwaini ce, wata huɗu da haihuwa amma ba ta fi ƙaramar kyanwa nauyi ba. Mijin Yasna, Erwin, yana aikin kiwon kifi a teku, mako biyu a can, mako ɗaya a gida, ɗakin da suke haya a bakin ruwa kuma bangonsa kullum a jiƙe. Likita ya ce ƙirjin yarinyar ba zai ɗauki sanyi a wannan ɗaki ba.

"Zan zauna har sanyi ya wuce," in ji Yasna, tana tsaye a kicin ko rigar sanyi ba ta cire ba. "Amma Baba, sai an sa matacin hayaƙin nan a bututu. Gida goma sha ɗaya a layin nan sun karɓa daga ƙungiyar unguwa, kai kaɗai ka ce ba ka so."

"Ni na ce ba na so? Cewa na yi ina tunani."

"Wata biyar kana tunani."

"Kan babba ne, yana ɗaukar lokaci." Ya miƙa hannu ya karɓi jaririyar, ya riƙe ta a hankali kamar ƙwai. "Kawo min 'yar tsuntsuwata. Don ke, ko jirgin sama suka ce a ɗaura wa bututu, a ɗaura."

Orfelina tana yankan kabewa ta ji, ta yi murna. Amma ta san mijinta. Idan ya yarda da abu da sauri haka, akwai wani abu a ƙasa.

Aliro Mansilla ne ya zo sa na'urar. Mai walda ne, shagonsa yana layi uku daga gidan, shi ya sa wa duk sauran gidajen. Ya yini a kan kwano, ya sauko da yamma hannunsa baƙi, ya kafa wani ɗan akwati a bangon kicin kusa da ƙusar da ake rataye hula. Akwatin yana da 'yar fitila, ta kama kore.

Orfelina ta zuba ruwan zafi a ƙoƙon mate, shayin ganyen da ake zuƙa a ƙasar, ta miƙa masa. Ya zuƙa, ya ce, "Ga yadda take aiki, Don Nibaldo. Akwai waya a tsakiyar bututu da lantarki ke bi. Ƙurar hayaƙin nan wadda ido ba ya gani, ita ce mai shiga har ƙasan huhu ta zauna. Idan ta zo wucewa, wayar sai ta manna ta a jikin bututu, ba za ta fita ta dawo mana ta taga ba. Amma ka ji ni da kyau, abin da ta kama yana nan cikin bututunka, bai tafi ko'ina ba. Duk mako biyu sai an sa buroshi an share. Busasshen itace kawai, ƙofar iska a buɗe. In ka sa ɗanye, kwalta zai ba ta, ba ƙura ba, kwalta kuma buroshi ba ya fitar da ita. Idan fitilar nan ta yi ja, a kashe wuta a kira ni."

"Aliro," in ji Nibaldo, "ranar da aka haife ka ni na kai wa uwarka itace. Yau kai ne za ka koya min hura wuta?"

"Ashe shi ya sa na tashi da tari."

Yasna ta yi dariya, Nibaldo ma ya yi, ya bugi kafaɗar Aliro, ya ce ya ji, an gama magana.

Watan Mayu ya wuce lafiya. Aliro ya zo sau biyu ya share. Idan Orfelina ta fita shanya ta ɗaga kai, da ƙyar take ganin abin da ke fita daga bututunsu. Amparo ta fara yin kumatu. Yasna ta samu aiki a gidan burodi, daga shida na safe zuwa biyu na rana, yarinyar tana wajen kakarta, a ɗan gadonta da aka ajiye taku biyu daga murhu.

Sai Yuni ya shigo da sanyin da ke daskarar da ruwa a famfo. Busasshen itace kuwa ci yake kamar takarda, duk bayan sa'a sai an ƙara. Nibaldo ya ce wa Aliro kada ya ƙara wahalar da kansa, shi ma yana da tsani da buroshi. Daga nan ya fara mita. Murhu ya mai da shi mai gadi, in ji shi, ba shi da damar zuwa buga karta, ba shi da damar zama a rumfa.

Wata Talata da hantsi, Yasna tana wajen aiki, motar wani abokinsa ta zo daga ƙauye ta zube itace a ƙofar gida. Tun daga taga Orfelina ta ga launinsa. Ta fita da mayafi a ka, ta tarar da shi ya janye busasshen, yana jera sabon a can jikin bangon rumfa, yana maido busasshen ta gaba.

"Tsoho, wannan ɗanye ne."

"Na baɗi ne. Zai bushe."

"To me ya sa kake ɓoye shi a baya?"

"Tsohuwa, ba ki bar tukunya a wuta ba?"

Bayan kwana uku ta ji shi. Tana wanke kwalbar madara ta ji wannan tsuwwa da ɗanyen itace ke yi idan ruwa yana tafasa a ƙarshen gungume. Ta juya. Ƙofar iska a rufe. Nibaldo yana zaune da Amparo a cinya yana mata rawa da ƙafa.

"Ji ɗumi," in ji shi. "Wannan shi ne ɗumi na gaske, mai zama a ƙashi. Ubana da wannan ya rene mu mu tara, ba wanda ya mutu."

"Biyu sun mutu, tsoho."

"Wannan ƙyanda ce."

Ya tsara abin tsaf. Da Yasna ta fita sai ya kwantar da wuta. Kafin ƙarfe biyu gungumen ya kusa cinyewa, sai ya buɗe iska, ya jefa busasshe biyu, 'yarsa ta shigo ta tarar da wuta tana ci bal-bal. Idan ya shiga banɗaki Orfelina takan lallaɓa ta buɗe ƙofar iskar. Idan ya dawo sai ya rufe.

Kwana goma ana haka fitilar ta yi ja.

Ita ta fara gani. Ta tsaya da ludayi a hannu, ta kira mijinta. Ya zo ya sa ido, ya ƙwanƙwasa akwatin da yatsa, ya ce kayan zamani ne, ba sa jure sanyi.

"Ka kira Aliro."

"Don ya zo ya leƙa bututuna ya je ya yi ta ba da labari a shago? Asabar zan hau da kaina."

Ya cire hularsa ta ulu, maimakon ya rataye ta a ƙusa sai ya kifa ta a kan akwatin. Ta rufe fitilar daidai.

Asabar ta zo kwano yana sulɓi da ƙanƙara, gwiwarsa kuma ta motsa. Ya ce wata Asabar.

Daga ranar Orfelina ba ta sake samun sukuni ba. Takan tsaya a kan gadon jaririyar ta buɗe mata riga tana kallon haƙarƙari, tana ƙirga numfashi kamar yadda nas ta koya wa Yasna, ta manta lissafin ta sake daga farko. Takan shinshina gashin yarinyar. Ta koma wanke kayanta sau biyu, tana shanya su a ɗakin baya. Duk lokacin da ta buɗe murhu don ƙara itace, wani ɗan hayaƙi kan fito ya bugi fuskarta, abin da da ba ya yi. Ta san ma'anarsa, ta girma a gidan murhu. Hanya ce ke toshewa.

Me ya hana ta magana? Abu biyu. Shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa ƙaryata mijinta a gaban 'ya'ya ba, har abin ya zama mata kamar addini. Na biyu kuma, ta san Yasna. Da ta ji, a ranar za ta naɗe yarinyar ta bar gidan, Orfelina kuwa ta riga ta saba da nauyin Amparo a kafaɗa. Sai ta yi ta gaya wa kanta gobe, gobe zai hau, gobe sanyi zai sassauta. Wannan ba uzuri ba ne, amma abin da ya faru ke nan.

Maƙwabciyarsu Doña Uberlinda ta tare ta a bakin shinge ranar Litinin, da bokitin toka a hannu.

"Maƙwabciya, kun fara gasa kifi ne a gidan nan?"

"Wane kifi kuma?"

"Na ga hayaƙinku ya koma rawaya, yana gangarowa ta kan wankina. Mu an sa mu sayen busasshen itace da share bututu kamar 'yan makaranta, wani kuma ya koma gidan jiya. Ki gaishe min da Don Nibaldo, ki ce zanen gadona yana godiya."

Orfelina ta yi yaƙe, ta ce sanyi ne ke danne hayaƙi. Uberlinda ta dube ta, ta daina wasa.

"Akwai jaririya a gidan nan, Orfelina."

"Na sani."

A ranar da yamma suna cin farfesun rago da dankali, Amparo ta yi wani ɗan tari busasshe, sau biyu. Yasna ta ajiye cokali, ta ɗauke ta, ta kai hanci wuyanta.

"Mama, kayanta warin hayaƙi suke."

"Garin gaba ɗaya wari yake," in ji Nibaldo. "Leƙa waje ki gani, ko fitilar titi ba a gani."

"Tamu ta bango kore ce dai?"

"Kore shar."

Bai ko ɗaga kai daga kwano ba. Yasna ta tashi tun biyar, idonta ya yi nauyi, ta yarda. Hular tana bayanta, taku uku. Orfelina ta dubi hular, ta dubi 'yarta, ta buɗe baki, sai ta ji kanta tana tambaya ko a ƙara wa wani romo.

Laraba tarin ya ƙaru. Alhamis da safe, bayan Yasna ta fita, Orfelina ta ji wani siririn fito a ƙirjin yarinyar idan tana fitar da numfashi. Ta yanke shawara a tsaye. Ba za ta kira Aliro ta waya ba, gidan katako ne, komai ana ji. Za ta je da ƙafarta ta zo da shi, idan ya shigo ya ɗaga hular da hannunsa, ba ita ta faɗa ba.

Ta ba Amparo madara, ta jira ta yi barci. Ta cika murhu da busasshe, ta buɗe iska.

"Ganyen mate ya ƙare, zan je kanti. Tsoho, don girman Allah kada ka taɓa murhun nan. Yanzu zan dawo."

"Je ki, je ki. Ni da tsuntsuwata muna nan."

Titi ya daskare, sai da ta riƙa bin shinge tana dafawa. Hayaƙin garin ya sauko har ƙasa, yana yaji a ido. Ta isa shagon ta tarar a rufe, matar Aliro ta ce ya je ɗauko ƙarfe, yanzu zai dawo. Ta ba ta kujera, ta ƙi zama. Ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen mayafi, tana cewa bari ta koma, tana kuma cewa in ta koma ba ta da wani dalilin sake fitowa. Kusan sa'a guda ta yi a nan.

A gida kuwa busasshen ya cinye. Nibaldo ya duba ya ga saura garwashi, itacen da ke kicin ya ƙare, sai an faso wani. Ya ce a ransa ba zai bar jikarsa cikin sanyi ba. Ya ɗauko gungume mafi girma daga bayan rumfa, ya ɗora, ya rufe iska, ya gyara wa yarinyar bargo, ya ja ƙofar kicin da kyau don kada ɗumi ya fita. Ya koma rumfa ya kunna rediyo, ya ɗauki gatari.

Da Aliro ya dawo, Orfelina ta gaya masa komai a cikin mota, ɗanyen itacen, fitilar, hular. Ya tambayi kwana nawa. Ta ce fitilar ta yi kwana goma da yin ja. Ya ƙara wa motar gudu.

Sun shawo kwanar layin, ya sunkuya ta gilashi yana duban rufin gidan.

"Doña Orfelina, kun kashe wuta ne?"

"A'a. Na bar ta tana ci."

"Babu abin da ke fita daga bututunku."

Ta duba. Kowane gida a layin yana fitar da nasa, nasu ne kaɗai shiru. Aliro ya bar motar a tsakiyar titi ya fita da gudu.

Lokacin da ta iso ƙofar kicin a buɗe take, hayaƙi yana fitowa ta sama kamar an buɗe tanda. Yana ɓulɓulowa daga bakin murhu, daga kowace mahaɗar bututu, ya cika ɗakin har ba a ganin tebur. Aliro ya fito yana tari da yarinyar a hannu. Ba ta kuka. Bakinta a buɗe, leɓɓanta sun yi duhu, fatar ƙasan haƙarƙarinta tana lotsawa ciki duk lokacin da ta ja iska.

Orfelina ta karɓe ta, ta cusa ta cikin rigarta. Nibaldo ya fito daga rumfa da gatari a hannu, rediyo yana ta waƙa a bayansa.

"Me ya faru? Yanzu na bar ta tana barci."

 Aliro ya ce wa Orfelina ta shiga mota.

A asibiti aka karɓe yarinyar daga hannunta aka shige da ita, aka bar ta a benci da rigar da ke warin ƙauri. Nibaldo ya iso da tasi, ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin. Yasna ta iso da fulawa a hannuwanta har gwiwar hannu, aka bar ta ta shiga. Sa'a biyu ba ta fito ba. Orfelina tana kallon ƙofar, duk wanda ya buɗe sai ta miƙe.

Da Yasna ta fito, likita tana bayanta, wata doguwar mace mai tabarau.

"Tana numfashi," in ji likitar. "Mun sa mata iska. Amma ƙirjin nan ba yau ya fara shan hayaƙi ba, ya yi kwanaki. Me kuke ƙonawa a gidan?"

"Busasshen itace, likita," in ji Nibaldo da sauri, ya miƙe tsaye. "Har mataci muke da shi a bututu. Na'urar ce ta toshe hanya, tun farko na ce kayan nan ba na ƙasarmu ba ne."

Yasna ba ta dube shi ba. Ta zo ta tsuguna a gaban uwarta.

"Mama, ke kike wuni a gidan. Haka ne?"

Orfelina ta ji idon mijinta a gefen fuskarta.  Ta dubi fulawar da ke hannun 'yarta.

"Ɗanye ne," ta ce. "Mako uku ke nan. Da kin fita yake ɗorawa ya rufe iska. Yana bayan busasshe a rumfa. Fitilar ta yi ja tun kwana goma, ya kifa mata hula."

"Tsohuwa."

"Ranar da kika tambaya ma ja ce. Ina zaune na ji, ban ce komai ba."

 Yasna ta miƙe, ta goge hannu a jikin riga, ta koma ciki wajen 'yarta.

Washegari Aliro ya sauke bututun gaɓa-gaɓa ya jera a tsakar gida. Uberlinda da wasu maƙwabta suna leƙe ta shinge. Bututun da hannun namiji ke shiga har kafaɗa, kwalta ta cika shi ta daskare, baƙa wuluk mai sheƙi, ramin da ya rage ko yatsa biyu ba ya shiga. Wayar matacin ta nutse a ciki.

"Wannan ta gama aiki," in ji Aliro. "Don Nibaldo, da wuta ta kama kwaltar nan, da yanzu toka muke tonowa."

Nibaldo ya ce ai a zamaninsu ba a yin bututu siriri haka. Aliro ya kwashe kayan aikinsa ya tafi, bai tsaya shan mate ba.

Kwana goma sha ɗaya Amparo ta yi a asibiti, huɗu daga ciki da roba a hanci. Orfelina tana zuwa kullum da abinci, tana zama a benci. Kwana uku na farko Yasna takan karɓi kwanon ba magana. A na huɗu ta ce ta shigo ta riƙe yarinyar, ita za ta je ta wanke fuska. Erwin ya baro teku ya zo, ya samo musu ɗaki biyu a gidan gwaggonsa, a can saman gari, inda ake ɗumama gida da lantarki.

Ranar da aka sallame su Yasna ta zo kwasar kaya. Amparo tana mota a hannun ubanta, gilashi a rufe. Likita ta ce ko rigar da ta sha hayaƙi kada a kusanto da ita, za ta kuma riƙa shaƙar magani safe da yamma, ba a san zuwa yaushe ba.

Nibaldo ya aske gemu, ya sa riga mai tsabta. Ya dafa ruwa a ƙaramin risho, ya cika ƙoƙon mate da sabon ganye, ya zuba, ya miƙa wa 'yarsa da hannu biyu lokacin da ta zo wucewa da ɗan gadon.

"Sha ɗaya, 'yata. Ki zauna mu yi magana."

A garin nan ko da abokin gaba ne ya miƙo mate akan karɓa. Yasna ta dubi ƙoƙon, ta dubi ubanta.

"Ka ce min kore ce, Baba."

Ta raɓa shi ta fita da gadon. Ya tsaya da ƙoƙon a hannu, sai ya ga matarsa ta fito daga ɗaki da jaka da mayafinta na zuwa coci.

"Ke kuma ina zuwa?"

"Erwin zai koma teku jibi, ita kuma tana da aiki. Wa zai riƙe yarinyar?"

"Ni kuma fa?"

"Akwai wake a tukunya, akwai burodi na kwana uku. Maganin gwiwarka yana kan taga."

"Yaushe za ki dawo?"

"Idan ƙirjinta ya daina fito."

Ya bi su har ƙofar gida. Ya matsa kusa da motar, ya sunkuya yana neman fuskar jaririyar ta gilashi. Erwin ya gaishe shi da kai, bai sauke gilashin ba. Motar ta tashi.

Ga abin da Don Nibaldo Cárcamo ya rasa a wannan sanyi. Matacin hayaƙi ɗaya, ya lalace, ƙungiyar unguwa kuma ta ce ba za ta ba shi wani ba. Bututu gaɓa bakwai. Itace mota guda, yana nan jibge, ba ya ƙonuwa a bana, ba kuma mai saye. Aliro Mansilla, wanda ya daina gaishe shi. Matarsa, daga Yuli har Nuwamba. 'Yarsa, wadda ba ta sake kwana a gidan ba. Jikarsa kuma an yarda ya gan ta ranar Lahadi, sa'a ɗaya, a gidan mutane, bayan ya canja riga a bakin ƙofa.